Katifar Teku

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da zuwana Guangzhou na farko ba, shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Ni fa ban taɓa shiga aji ba, amma a unguwarmu ba a saya wa amarya katifa sai an aiko an kira ni. Gwiwa ɗaya nake ɗorawa in gaya miki shekara nawa za ta yi. Da wannan girman kan na hau jirgi.

Alhaji Isuhu, wani ɗan Maraɗi da ya riga mu sanin garin, shi ya kai ni Xintang sarin wanduna. Muna fitowa na hango wata rumfa a bayan layi, an jingine fararen soso dogaye, bakinsu tsini kamar kifi. A ciki wani siririn mutum, ƙura ta rufe shi har gira kamar mai injin niƙa, ya ɗora guda a kan ƙafafun katako biyu. Ya goga, ya kanne ido ya leƙa gefen, ya shafa da tafin hannu, ya sake gogawa.

Na ce, "Alhaji, tsaya. Ga katifa."

Ya ce, "Hajiya, bari in tambayi lawban tukuna." (Haka suke kiran mai shago.)

"Ina tsaye za ka tambayi wani zancen katifa?"

Na kutsa na danna da yatsa. Tauri! Na hau mutumin da faɗa da Hausa: ba faɗi, ba laushi, mutum ya juya sau ɗaya sai ƙasa. Shi kuwa sai kaɗa hannuwa yake yana tare ni. Na ce lallai tsoro yake kar in tona asirin kayansa. Na tattare mayafi, na yi bismillah, na ɗora gwiwa a tsakiya (a lokacin kuma, masha Allah, akwai jiki).

Ƙas! Ni da rabi muka yi ƙasa, ɗaya rabin ya yi sama.

Bawan Allah ya ɗauki gutsuren yana shafawa kamar an karya masa ɗa. Alhaji ya yi ta tambaya da guntun yarensa, sannan ya nuna min hoto a bango: wani ƙato tsaye a kan irin abin, igiyar ruwa ta fi soro tsayi a bayansa.

"Hajiya, allon hawan teku ne. Kwana uku yana sassaƙa wannan, gobe za a shafe shi da abin da zai sa ya yi ƙarfi."

Na ce, "A tsaye? A teku? Uwarsa ta sani?"

Kunya ta rufe ni. Ba yare, ba bakin ban haƙuri. Sai na ɗauki tsintsiya na share masa rumfar tas, na kwance dambun naman da na yi guzuri na miƙa da hannu biyu. Ya ɗanɗana, ya dube ni fari fat kamar an tsamo ni daga buhun fulawa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauko rabin ya ba ni kyauta.

Kafin mu koma masauki Alhaji ya gama raba labari, Kanawa da 'yan Nijar kowa "Hajiya Mai Teku". Sunan ya biyo ni har gida, rabin allon ma yana saman sif ɗina.

Tun ranar na san iyakar ilimin gwiwata. Yanzu ko kujera aka ba ni a gidan mutane sai na tambaya: ta zama ce, ko ta teku?