Ruwan Goronyo a Taswirar Yaƙina

Ba na jin zan taɓa mantawa da wani taron iyaye da malamai da aka yi a makarantar da nake koyarwa a Wurno, ranar da na tsaya gaban dattawa ina koya musu ƙasar da aka yanke musu cibiya a cikinta.

Ni malamin labarin ƙasa ne, kuma tun ina jami'a a Sakkwato nake da jarabar wasan yaƙi na kwamfuta. Ba irin na harbe-harbe ba, na dabara. Taswira ce ake yankawa gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, kana tura runduna daga wannan gida zuwa wancan. Kowane gida da halinsa. In fako ne, doki ya ci gida huɗu a tafiya guda. In taɓo ne, da ƙyar ya ci ɗaya. In kuwa ruwa ne mai zurfi, sai dai ya kewaya. Wasan ya yarda mutum ya zana tasa taswirar, ni kuma na gaji da yaƙi a dazukan wasu ƙasashe, sai na ce zan zana ta gida: daga Rabah, ta Wurno, har gaba da Goronyo. Na ƙirƙiri runduna biyu, ja da baƙa, na ajiye su a zamanin mashi da takobi, kafin zuwan Turawa.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki. Na sauko da hoton tauraron ɗan'adam, na shimfiɗa gidajen a kansa, kowanne rabin kilomita, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da launi. Inda na yi shakka sai in hau babur in je in taka wurin da ƙafata, in ga ko jigawa ce ko laka. Matata Hadiza ta sa wa aikin suna “zumar da ba a lasa”. (Ban ji haushi ba, don a lokacin gani nake duniya ce za ta ba ta amsa.) Har a zauren masu wasan na intanet na zama alƙali, ina gyara wa mutane taswirorinsu ina cewa ba su san ƙasa ba.

Da shugaban makaranta ya ga abin, sai ya ce in nuna wa iyaye ranar taro, su san kwamfuta ba ta kallon fim kaɗai ba ce. Aka aro majigi, aka kafa farin ƙyalle, aka tada janareta. Na sa babbar rigata ta Juma'a.

A layin gaba akwai Baba Ummaru, wan mahaifin Hadiza, masunci kuma manomin albasa daga wajen Goronyo, wanda jikokinsa mata biyu ke karatu a wurinmu. Surukina ne ke nan, wanda ko ido ba na haɗawa da shi. Ni da kaina na aika masa cewa kada ya bari a ba shi labari.

Na fara da jawabi kan muhimmancin daidaito. Na ce gida ɗaya in ya kauce, yaƙi duka ya zama ƙarya. Na ce babu ko taku guda a taswirar nan da ban tabbatar ba. (Wannan jimlar har yau takan faɗo mini a rai ina tsakar cin abinci.) Sannan na nuna yadda rundunar ja take jingina bayanta da wani makeken ruwa, ta yadda babu mahayin da zai zagayo mata. Gidaje masu shuɗi ne reras, sun cika kusurwar taswirar, har da ƙananan jiragen ruwa da na ɗora don ado.

Baba Ummaru ya ɗaga sandarsa a hankali.

“Malam, wanga shuɗi mi na na?”

“Ruwan Goronyo na, Baba,” na ce, ina murmushin wanda aka tambayi abin da ya sani.

“Kuma kac ce yaƙin ga kahin zuwan Nasara anka yi shi?”

“Ƙwarai kuwa.”

Ya gyaɗa kai. “To, Allah shi ba mai rabo sa'a. Ni dai ruwan ga gabana anka tare shi. Ina da mata da ɗiya biyu sadda motocin aikin dam sunka zo. Inda ka aza jirgin can, gonar babanmu ta. Gero muka nomawa.”

Na juya na kalli ƙyallen kamar wani ne ya zana abin da ke kai. Ni an haife ni ne na tarar da ruwan, kuma a wata huɗun nan ko sau ɗaya bai faɗo mini ba cewa hoton da nake kwafa na jiya-jiya ne. Ni, mai koyar da darasin madatsun ruwa kowace shekara.

Ban gama haɗiye wannan ba sai wata Hajiya mai noman shinkafa ta yi magana daga layin mata. “Malam, su kuma rahukkan ga da sunka miƙe kamar an ja su da zare, ba hanyoyin ruwan noman rani ba na? Ko su ma mayaƙan sunka gina su?”

Nan dariya ta ɓarke. Shugaban makaranta ya duƙufa kallon takalminsa. Ni kuwa addu'a nake janareta ya mutu, janaretan da kullum sai an lallashe shi, amma ranar ko tari bai yi ba.

Wanda ya jefa ni shi ya tsamo ni. Baba ya buga sanda a ƙasa har aka yi shiru.

“Ku bar dariya. Bai ga ƙasar ba sai da ruwa bisa. Mu da munka gan ta, wa az zauna shi zana ta? Tudun Wurno ga shi nan daidai, hanyar Rabah ma haka take.” Ya dube ni. “Ran Asabar ka taho da takarda.”

Na so in yi ciwo ranar Asabar, Hadiza ta ce ba a gidanta ba. Na je. Na tarar Baba ya kira tsofaffi biyu, abokan tasowarsa, ya sa mu cikin jirgi, shi ke tuƙi. Muna tafe kan ruwa yana nuni da filafili. Nan gulbi yake bi a da, da rani bai wuce gwiwa ba. Nan mashigi, inda ayarin jakuna ke ƙetarawa. Daga nan zuwa can fadama ce, doki ba ya shiga tun saukar damina har kaka. Abokan nasa suka kaure da gardama kan inda wata rijiya take, kowa na rantsuwa, ni ina tsakiya da fensir na rasa wanda zan bi.

Can sai Baba ya daina tuƙi. Ya ce a ƙasan nan kushewar mahaifiyarsa take. Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, jirgin na juyawa da mu a hankali.

“Ba ni faɗa da ruwan ga,” ya ce bayan mun shafa. “Kihi muka ci, albasa muka yi, ko da shi kan yi muna ɓarna wata shekara. Abin da ban so shi na a ce ba a taɓa zama nan ba.”

Sai da na je sau biyar kafin taswirar ta gyaru. Na goge shuɗin gida bayan gida, na mayar da gonaki da fadama da mashigi, na toshe hanyoyin ruwan. Rijiyar kuwa gida biyu na ba ta, don a zauna lafiya. Da na buga a takarda na kai masa, ya daɗe yana bi da yatsa, sannan ya naɗe ta ya sa a aljihu bai tambaye ni ko ita kaɗai gare ni ba. Yanzu da ita nake koyar da darasin madatsun ruwa, kuma da bakina nake faɗa wa ɗalibai yadda aka yi na same ta, tun kafin iyayensu su faɗa musu da ƙari.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da zan zana, nakan fara neman wanda ya girme shi in tambaye shi tun yaushe yake nan. In kuma zan sake yin burga a bainar jama'a, zan gayyaci Baba Ummaru, amma kwana biyu kafin a kunna majigi.