Yadda Za Ka Burge Surukinka da Fitilun Gefen Motarsa

Ya kai mai neman girma a gidan surukai, na ɗauki alkawari cewa idan ka bi matakan nan ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, uban matarka ba zai manta da kai ba muddin ransa. An gwada su a kan motata, saboda haka ina magana ne da sani.

Mataki na ɗaya: Ari motar

Zaɓi makon da takardar shaidar lafiyar motar za ta ƙare ranar Alhamis, alhali ranar Juma'a dattijon zai kai matarsa Hajiya asibiti a cire mata yanar ido, aikin da ta yi wata biyar tana jiran layinsa. Ka durƙusa ka ce, "Baba, kwana biyu kacal." Kunya ba za ta bar shi ya hana mijin 'yarsa ba. Wannan ita ce jarinka.

Mataki na biyu: Raina ƙananan fitilun

A kowane gefe akwai guda biyu, ta gaba ruwan ɗorawa, ta baya ja. Masu ƙera mota suna cewa amfaninsu shi ne wanda ya ɓullo maka daga gefe a mahaɗar hanya ya gane tsawon motarka da inda ta fuskanta. Kada ka kula su. Me suka sani game da ado?

Mataki na uku: Nemi mai gyaran wutar mota

Umarce shi ya sa shuɗi a gaba, kore a baya, masu ƙyafta-ƙyafta. Idan ya ce, "Yallaɓai, shuɗi ai na motar asibiti ne da ta 'yan sanda," amsa masa da cewa, "Aiki na kawo maka ko wa'azi?" Tsofaffin fitilun kuwa, taho da su a leda ka jefa a kwandon sharar ƙofar gidan surukinka, inda ba shakka ba zai gani ba.

Mataki na huɗu: Karɓi yabo

Dattijon zai zagaya motar sau biyu, hannuwansa a baya, ya ce, "Madalla." Ɗauki wannan a matsayin yabo. Hajiya ma za ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau dai na ga wani abu da idon nan. Shagon aski ne ya zo ƙofar gida?"

Mataki na biyar: Raka shi wurin duba mota

Sa fararen kayanka, domin ranar taka ce. Jami'in zai kunna wuta, sannan ya ce, "Baba, marasa lafiya kake ɗauka ko ɓarayi kake kamawa?"

"Tambayi injiniyan," in ji dattijon, yana nuna ka. "Ga shi nan tsaye."

Za a shaida muku cewa babu takarda sai launin doka ya koma, kuma ƙarfe huɗu ake rufe ofis. Ka dubi agogo, uku da kwata. Ka tuna kasuwar kayan mota tana can ƙarshen gari. Ka tuna Hajiya da watanninta biyar, da abin da za ka faɗa wa matarka. A nan ne gumi zai fara aikinsa.

Mataki na shida: Durƙusa

Dattijon zai bari ka jiƙe sosai tukuna. Daga nan zai zaro ledar nan daga aljihu, fitilu huɗu a wanke tas, da sukundireba, ya miƙa maka ba tare da ya dube ka ba. Sa gwiwa a cikin baƙin mai, gaban direbobi goma sha biyu da ke layi suna ba ka shawara. Idan ka ɗaura ja a gaba, wani zai yi maka gyara da babbar murya. Za a buga hatimi saura minti shida a rufe.

Sanarwa

Marubucin bai ambaci sunan kowa ba, kuma ba ya ɗaukar alhakin farar shadda, ko mutunci, ko abin da matar wani ta faɗa masa a ɗaki. An yi wa Hajiya aiki lafiya, kuma abin da ta fara nema ta gani shi ne wandon injiniyan. Makullin motar yana aljihun da ledar ta fito, wato na marubucin, kuma can zai ci gaba da zama.