Ranar da Mai Girma ya miƙe tsaye

Yau da safe akuya ta kunyata ni a tsakiyar Tawa. Ina janye da ita da igiya, mun zo daidai rumfar Habsatu mai wake da albasa, sai begila ta tashi daga wajen manyan gine-ginen nan, alamar wani babba ya sauko daga mota. Ni kuwa jikina ya riga ya saba. Kafin hankalina ya ce uffan, ƙafafuna sun haɗe, hannuwana sun manne a cinya, igiya ta faɗi ƙasa. Na yi gardabu irin ta soja, ƙyam kamar turke. Akuya ba ta yi lakwal ba, wato boko, ba ta kuma san an samu mulkin kai ba, sai ta zarce abinta ta tsoma baki cikin faifan wake.

"Malam Sidi, kana kallo tana ci mani wake?" in ji Habsatu. Ita ma tana tsaye ƙiƙam, bakinta kaɗai ke motsi.

Na ce, "Ina kallo, Habsatu. Ke ma kina kallo. Bari a ƙare busa."

Kafin a ƙare busa waken ya yi rabi. Zagin da na sha ba zai bugu a jarida ba. Akuyar ma ba tawa ba ce, ta maƙwabcina Dodo ce, kuma in kuna son jin yadda igiyarta ta dawo hannuna, sai na ba ku labarin balo, wato ƙwallon ƙafa.

Ku da ke nesa, bari in fara da begilar. Da Annasara zai tafi, ya kwashe fankarsa, ya kwashe akwatin ƙanƙararsa, har karensa bai bari ba. Begila kaɗai ya manta. Manyanmu, Allah ya ƙara faɗin kujerunsu, suka ga ba kyau a bar kayan gado yana tsatsa, suka damƙa ta hannun wani Tanko. Dokar ba ta da wuya: in babba ya miƙe, Tanko ya busa, in Tanko ya busa, duk mai rai ya tsaya cak har babba ya zauna ko ya fice. Da can don Bature muke tsayawa muna zagi a ciki. Yanzu don ɗan ƙasa muke tsayawa, an ce mana bambancin babba ne.

Ni baduku ne. Ƙwallon ƙungiyarmu, Kunamar Adar, ni ke ɗinke ta duk lokacin da ƙayar shingen fili ta huda ta, wato duk mako. Shi ya sa nake da wurin zamana a bayan sandunan gida, inda ake zura ƙwallo, ba mai tada ni sai Tanko. Rukuni na biyu muke bugawa, rukunin da rediyo ba ya faɗin sakamakonsa. Ana kiran yaranmu ƙwararru saboda ana biyansu, biyan kuwa tiyar hatsi ce da sandar sabulu, in an tuna.

Da aka ƙare kaka, Mai Girma Uban Wasanni ya tara yaran a gindin tuta. Ya yi jawabi da Faransanci, aka fassara, fassarar ta fi jawabin tsawo. Abin da na tsinta a ciki guda ne: in Kunama ta hau rukuni na ɗaya a bana, kowane ɗan wasa za a ɗauke shi aiki a garejin gyaran motoci, aiki na wata-wata, a nan cikin Tawa. Kun san mene ne wannan ga ɗan Adar. A lokacin kamyo, manyan motocin kayan nan, na ta kwasar samari zuwa bakin teku kamar buhunan albasa.

Illa ɗan autan Dodo ne, shi ne ɗan gabanmu. Yayyensa biyu sun tafi Abijan cin rani tun shekarun baya, har yau raninsu bai ƙare ba. Dodo kuwa gwiwa ta ƙi shi, in zai tashi sai Illa ya kama hannunsa. Gonarsu can take a hanyar Bambeye, dutse ya fi ƙasa yawa. Illa ya riga ya ɗaure tabarmar tafiya, da ya ji alkawarin nan ya kwance.

Dodo ya same ni ina ɗinki, ya daɗe yana duban ƙwallon kamar mai duban dokin da za a sayar masa. Ya ce, "Sidi, kai da ka san cikin abin ga, gaya mani gaskiya. Wanga wasa na iya riƙe mani yaro gida?"

Na ce, "In sun hau sama, zai riƙe shi."

Ya ce, "To ɗinke ta da kyau."

Haka muka shiga kakar wasa, kuma wallahi yaran sun yi abin a yaba. Ba su da takalma sai biyu daga cikinsu, su ma ƙafa ɗaya ɗaya suka raba. An ce an ware wa ƙungiya esansi, wato fetur, na tafiye-tafiye, kuma ni shaida ne an ware, don na ga motocin Mai Girma suna shan sa. Ranar da muka je Tebaram, yaran a bayan kamyon gishiri suka tafi, rabin hanya su ke tura shi cikin rairayi. Mai Girma ya wuce mu da ayarinsa, ya ɗaga mana hannu ta taga, Allah ya saka masa. Ya riga mu isa, ya ci rago, ya huta, sannan ya yi wa yaran faɗa a kan latti. Duk da haka Illa ya zuba biyu.

Ba a fara wasa sai Mai Girma ya taɓa ƙwallo da takalminsa mai tsini. Daga nan ya koma rumfa, ya juya wa fili rabin baya, ya shiga hira da goro. Ban taɓa ganin ya san wace ƙungiya ke cin wace ba. Tanko ma bai taɓa kallon wasa ba, shi idonsa na kan gwiwoyin Mai Girma.

A wasanmu da 'yan Barmu ne aka koya wa kowa darasi. Ana tsakiyar wasa Mai Girma ya miƙe zai zagaya, irin zagayawar da ko sarki ba a wakiltarsa. Tanko ya busa. Kowa ya tsaya, mu da baƙi da alƙalin wasa, wanda mushen lakwal ne, malamin makaranta, na nan gari. Sai Rissa, wani dogon yaro ɗan arewa da bai daɗe a birni ba, ya ci gaba da gudu da ƙwallo ya zura ta cikin gida, ya juyo yana dariya yana jiran tafi. Ba wanda ya tafa. Aka soke cin, aka cire shi daga ƙungiya, aka ba shi tulu ya yi kwanaki yana ban ruwa a lambun Mai Girma don ya koyi ladabi. Latas ɗin lambun ya yi kyau ƙwarai a makon. Tun daga ranar, ko jaki ya yi kuka kusa da fili sai ka ga yaranmu sun dafe cinya.

Abin bai cuce mu ba, tunda duk ƙungiyoyin yankin nan ƙarƙashin Mai Girma ɗaya suke. In an busa kowa ya daskare, in an zauna kowa ya narke. Har muka zo muna ganin hutu ne, masu haki su samu su numfasa. Muka cinye na yanki kaf. Saura wasa guda, da zakarun wani yanki can gabas mai nisa, Guguwar Gabas. Wanda ya ci shi ne zai hau.

Ranar Tawa ta fashe. Mahauta sun rufe rumfa, masu shayi sun ɗauko murhunsu zuwa bakin fili. An aiko alƙalin wasa daga babban birni, wani siririn mutum mai gajeren wando da farar safa. Har Dodo, wanda bai taɓa taka filin balo ba, ya sa aka ɗora shi kan jaki. Na shimfiɗa masa buzuna a gefena. Ya tambaye ni wane gida ne namu, na nuna masa, ya ce shi dai Illa zai kalla.

Wasa ya yi zafi, ba ci ba ci har rana ta karkata. Ga kuma wani abin mamaki: saboda akwai baƙin babban birni a rumfa, Mai Girma ya gyara kujerarsa ta fuskanci fili. Da ya kalla, sai abin ya shige shi. Na hango shi ya daina taunar goro. Da ma ya ci gaba da hirarsa.

Dab da tashi Illa ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Ya wuce na farko, ya kwantar da na biyu, na uku ya kama iska. Ya rage daga shi sai mai tsaron gida, wani baƙin ƙato mai hular saƙa, wanda ya riga ya fito ya zame ya zauna daɓas. Gida a buɗe, ko ni da gwiwar Dodo sai na ci. Dodo ya damƙe hannuna har ya yi mani zafi. Illa ya ɗaga ƙafa.

Mai Girma, don murna, ya zabura ya miƙe.

Tanko ya ga gwiwoyi sun miƙe. Tanko ya yi aikinsa.

Jama'a, na ga ƙafar Illa ta tsaya a sama, ta sauko a hankali kusa da 'yar'uwarta. Hannuwansa suka manne a cinya. Ƙwallo ta gangara ta tsaya a gabansa kamar kaza. Duk yaranmu suka daskare, har mai tsaron gidanmu. Fili duka ya miƙe. Ni ma na miƙe, kada ku ce na fi kowa. Dodo ya dogara sandarsa yana nishi har ya tsaya, don shi ma ba a yi masa renon rashin kunya ba.

Baƙi fa ba wanda ya gaya musu. Ƙaton ya tashi ya karkaɗe wando, ya dubi Illa, ya dubi alƙali. Alƙali ya ɗaga kafaɗa, shi a dokar da ya zo da ita babu begila. Ƙaton ya ɗauki ƙwallo a gaban Illa kamar mai ɗaukar ƙwai a akurki, ya buga ta gaba. Ɗan gabansu ya bi da ita tsakanin yaranmu, ba gudu ma yake ba, yana ratsa su kamar mai wucewa cikin kukoki.

Mai Girma na ta ihu yana yarfa hannu, "Ku tare shi mana!" Wa zai ji, Tanko na busa a bayan kunnensa. Kuma shi bai zauna ba. Ransa na ƙara ɓaci yana ƙara miƙewa, har ya hau kan yatsun ƙafa. Muddin yana tsaye Tanko ba zai daina ba, muddin Tanko bai daina ba yaran ba za su motsa ba, don kowa ya tuna tulun Rissa. Ɗan Guguwa ya isa gaban mai tsaron gidanmu, har ya ɗan rusuna masa, ya tura ƙwallo ta gefen ƙafarsa. Sai a lokacin Mai Girma ya faɗi kan kujera. Begila ta yi shiru, alƙali ya busa tashi.

Illa bai motsa daga wurin ba ko da aka daina busa. Hawaye na zuba, hannuwa na manne a cinya. Raina ya ɓaci ranar, ɓacin da ban taɓa yi ba, kuma ban san wanda zan zaga ba, tunda ni ma a tsaye nake.

Na tari ƙaton nan yana hawa kamyonsu, na ce, "Samari, ku a garinku ba ku tsayawa in babba ya tashi?"

Ya ce, "Muna tsayawa mana, Baba. Namu dai ba ya zuwa kallon balo."

Na roƙi Allah ya ba mu irin nasu.

Kada ku ce hukuma ta yi barci. Washegari aka kafa kwamitin bincike, ya zauna, ya ci rago, ya gano bakin zaren. Laifin ba na Mai Girma ba ne, tunda kishin ƙungiya ya tada shi. Ba na Tanko ba ne, tunda doka ya bi. Yaranmu kuwa an yaba musu, an ce sun nuna wa duniya ladabin 'yan Adar. Matsalar ita ce baƙi ba su ji busar da kyau ba. Don haka an yanke shawarar a aika Faransa a sayo begila wadda ta fi wannan ƙara. Maganar gareji kuma an ce sai baɗi, in an hau.

Baɗi ba ta cikin rumbun Dodo. Illa ya ci raninsa a fili, bai kawo komai gida ba sai sabulu, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Lokacin da 'yan cin rani ke dawowa shuka, shi lokacin ya ɗaure tabarma. Jiya muka raka shi tasha. Ya durƙusa gaban ubansa ya ce, "Baba, ka yafe mani. Ƙafar ce ta ƙi."

Dodo ya dafa kansa ya ce, "Mi zan yafe? Ni na koya maka in babba ya tashi ka tsaya."

Ya bi kamyo da ido har ya ɓace a hanyar kudu. Da safen nan ya kira ni ta katanga, ya miƙo mani igiyar akuya, ya ce in riƙe ta wurina, da ma Illa ne ke yi mata ciyawa. Na fita da ita neman ciyawa, a hanyar dawowa ne ta kunyata ni.

Na biya Habsatu da ban haƙuri, na ɗaure akuyar a gidana, na leƙa in gaya wa Dodo mun dawo. Na tarar da shi yana son tashi ya ɗauko buta. Ya dafa ƙasa, ya dafa bango, ya koma ya zauna, ya sake gwadawa. Shi ma babba ne, shi ma miƙewa yake yi. Ba a dai yi masa busa, kuma wanda ke tsaya masa yana hanyar Abijan.