Rasuwar Rasid Ɗin da Na Ajiye wa Ranar Naƙuda

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Rabi'atu matar Salih tela, ta unguwar Mayo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar Rasid, kuɗin kiran da ke cikin wayata. Ya cika ranar Talata, ba kowa a kansa.

Marigayin daga Kasuwar Umdurman ya zo mana. Salih ne ya turo shi kafin yaƙi ya sa a rufe gadar kogi, ya ce kada in taɓa shi sai ranar naƙuda, in kira Sittana ungozoma da ke unguwar Alshajara. Salih na can ƙetaren kogi har yau.

Ya yi zaman mutunci. Bai taɓa shiga gulma ba, bai taɓa gaida kowa da Juma'a ba. Ko mahaifiyata, ƙara ɗaya nake bari wayarta ta yi in katse, ita ta kira. Ranar da maƙwabciyata Hanan ta zo roƙon minti ɗaya ta ji lafiyar ƙaninta, na ce mata wannan ba nawa ba ne, na abin da ke cikina ne. Ta juya ta tafi.

Ciwon ajalinsa a ɓoye ya kama shi. Da wuta ta daina zuwa, sai na kashe wayar don caji ya daɗe, na naɗe ta a jakar haihuwa tare da sabuwar reza da zare da zannuwan jariri. Na zaci kamar dawa yake, abin da ka rufe yana nan. Ashe wa'adi gare shi. Kamfani ya aiko da gargaɗi, saƙon ya tarar da waya a kashe. Jiya na kunna don in gwada lambar Sittana, sai muryar matar kamfanin nan mai sanyi ta ce: "Ba ku da isasshen kuɗin yin wannan kira."

Ya rasu ya bar waya mai tsagaggen gilashi, da layin da ke ji ba ya magana, da 'yata Nuha da ba ta kai a aike ta ba, da wanda bai iso duniya ba tukuna. Mai sayar da kati na bakin titi ya rufe shago tun ranar da harbi ya matso.

Babu wanka, babu likkafani, kamfani ya riga ya ɗauke gawar. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidanmu bayan La'asar, kowa ya koma kafin Magariba, hanya ba ta da kyau. Kada a kawo sukari ko shayi. Mai son yi mana ta'aziyya, har da ke Hanan in kin yarda, ya zo da wayar da ke da rai, ya kira Sittana. A ce mata bayana ya fara ciwo tun safe, kuma ba irin na jiya ba ne.