Gaisuwa Daga Cikin Ƙwarya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da ranar da na gaida surukina daga cikin ƙwarya. Na daɗe ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, nan kusa da Watari, kuma na gaji irin gajiyar da barci ba ya magani. Amma ranar nan ce ta ƙarasa ni.

A lokacin Baba, mahaifin matata, ƙarfinsa ya ja baya, ya ce zai damƙa garkarsa ta bakin ruwa ga ɗaya daga cikin surukansa biyu: ko ni, ko Alhaji Bala mai shagon taki. Sharaɗinsa ɗaya ne, yana son mai natsuwa. To, wata da watanni na yi ina natsuwa. Na ajiye gemu, na daina ƙyaƙyata dariya a majalisa, ko babur na hau sai in riƙa lallaɓawa kamar mai dakon ƙwai. Ina son garkar nan sosai, don alli kaɗai ba ya riƙe gida.

Ana cikin haka 'yan ajina suka kamu da son wani tsohon katun da suke gani a wayoyin yayyensu. Wasu matasa ne da karensu suke bin sawun dodo, a ƙarshe su kama shi, su cire masa fuskar bogi, sai a ga ashe mutum ne. Bayan kowane littafi zanen dodo ne. Motar matasan ma sun ƙera ta da karan dawa, har da tayoyi masu juyawa. Da bikin ƙarshen zango ya matso suka nace sai sun yi nasu wasan, ni kuma na biye musu na rubuta. Hedimasta ya ce ba mai shigo masa da kare makaranta, don haka akuyar maigadi ta maye gurbinsa.

Ni na haɗa kan dodon. Na samo ƙatuwar ƙwarya na huda idanu, na lilliƙa mata takardar buhun siminti ciki da waje da jiƙaƙƙen ƙaro, na yi mata gashi da zaren buhu (gaskiya ta yi kyau, har yanzu ina faɗa). Malam Sabo, malamin lissafi, shi ya yi alkawarin sakawa. Da safiyar bikin ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Malam, ni fa nake jan salla a unguwarmu."

Yara suka zuba min ido, wata har ta fara hawaye. Na ce a raina, ai fuska a rufe take, wa zai gane ni? Na kifa ƙwaryar a kaina, ƙaron ciki ko bushewa bai gama yi ba. Sai da na fito fili ina gurnani na hango Baba a kujerar gaba, kusa da mai unguwa, ya dogara sandarsa. A nan ne kuma na tuna yadda wasan yake ƙarewa. Ni da hannuna na rubuta cewa a tuɓe wa dodo fuska a gaban kowa.

Na yi ta zagaye filin ina jan lokaci, rana na dukana, gumi na tsiyaya, har yaran suka gaji suka taɗe ni. Na raɗa wa Zulai, shugabar masu binciken, "Kada ku cire, ku ce dodo ya tuba kawai."

Ta ce da ƙarfi, "Malam, ai ba haka ake yi ba!"

Su huɗu suka kama ƙwaryar suka ja. Ashe ƙaro ya riga ya kama gemun nan da na yi wata da watanni ina kiwo. Ban san lokacin da na ƙwala "Wayyo gemuna!" ba, da muryar da duk garin ya sani. Akuya kuwa ta ji ƙanshin takarda, ta zo ta baya ta fara cin ƙeyar dodo.

Fili ya kaure da dariya. Baba ya ɗan sunkuyo ya ce, "Malam, kai ne?"

To, suruki ya yi maka magana, me ya rage? Na ja jiki na durƙusa a gabansa, ƙwarya a kai, akuya na biye da ni, na ce, "Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Aiki da godiya, Baba."

"Madalla. Ya mutanen gidan?"

Bai tsallake ko gaisuwa ɗaya ba, kuma bai yi murmushi ba. Da ma dariya ya yi irin ta sauran jama'a, da abin ya fi min sauƙi. Daga baya aka kai ni bayan aji, maigadi ya yi ta zuba ruwan ɗumi ta ramin idon dodo har ƙwaryar ta saki. Rabin gemun ya tafi da ita, sauran wanzami ya ƙarasa.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya aiko kirana. Ya ce ya yi shawara, garka Alhaji Bala zai riƙe. Na ce Allah ya sa albarka, raina a jagule. Har na miƙe sai ya ce, "Af, wannan abin naka yana nan? Tsuntsaye sun dami shinkafar."

Yanzu haka ƙwaryar tana can a kan sanda a tsakiyar garkar, kuma an ce ko tsuntsu ɗaya ba ya sauka. Manoma in sun zo wucewa sukan ɗaga mata hannu su ce, "Malam, sannu da aiki." Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: in za ka rubuta wasan da ake tona asirin dodo, ka fara tabbatar da wanda zai shiga ƙwaryar. Ni dai ƙwaryata ta samu garka, ni ina nan da allina.