Kankanar da Ta Gagari Aradun San Cayetano

A duk faɗin lardin Zacapa, inda rana ke dafa ƙwai a kan motar mutum, ba a taɓa haifar namiji irin Don Fulgencio Aldana ba. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma wa ya fi shi sani? Cuku yake sayarwa a garinmu San Cayetano, amma kada ka kuskura ka ce masa mai cuku. Aradu ake ce masa. Da bakinsa ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a wahalar nema.

Kowa a nan yana rataya bindiga a ƙugu, har mai aski. Amma ta Don Fulgencio daban ce. Doguwa ce, ƙotarta ta azurfa, nauyinta ya sa tafiyarsa ta karkace kamar ta agwagwa. Suruka yake kiranta, wai in ta yi magana kowa shiru yake yi. Mu dai ba mu taɓa jin muryarta ba. Ranar da ɓarayi suka kora masa maruƙa, an ce a ƙarƙashin gado yake tsara dabarun yaƙi.

"Wannan ba bindigar yara ba ce," in ji shi, yana murza gashin baki a ƙofar shago. "Shurinta ya taɓa karya wa wani kanar wuyan hannu. Ni kuwa? Da hannu ɗaya, ina shan kofi da ɗayan."

"Allah ya kiyaye kofin, tsoho," in ji matarsa Doña Tencha daga bayan sikeli.

Sai ga kujerar shugaban ƙungiyar masu shanu ta zama babu kowa a kai, kujerar da ya yi shekaru yana mafarkinta, har ya ɗinka mata riga ya ajiye. Ƙungiyar tana da al'ada tun zamanin kakanni: ranar biki a dasa kankana kan turke, kowane ɗan takara ya harba sau uku da bindigarsa. Wanda ya fasa, kujera tasa. Abokiyar takararsa Doña Herminia Chacón ce, wadda ta gaji garken mijinta ta ninka shi, mace mai ƙarancin magana.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don Fulgencio ya dubi Suruka, Suruka ta dube shi, ya tuna da shurinta. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Ya hau mota zuwa babban birni, ya ce a ba shi bindigar da ta fi kowace ƙanƙanta da rashin nauyi, amma mai cin babban harsashi, kada a ce ya ji tsoro. A lissafinsa, ƙaramin jaki ƙaramin shuri yake yi. Mai shagon ya buɗe baki zai yi bayani, Don Fulgencio ya ɗaga masa hannu. "Yaro, ina harbi tun ba ka san hanyar makaranta ba."

To, a Zacapa ko kaza ta san cewa nauyin bindiga shi ke shanye shurinta. In ka ɗura babban harsashi a 'yar firit marar nauyi, ba ta da inda za ta kai fushinta sai hannunka. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Ranar biki fili ya cika. Nama na gasuwa, ana rabon rogo, masu kiɗan marimba na ta bugu. Don Fulgencio ya iso cikin sabuwar riga da farar malafa, ya karɓe makirfo daga hannun amininsa Chilo, mai gabatar da taro.

"Jama'ar San Cayetano! Na bar Suruka a gida. Akwai shanu masu ciki a kusa, ba na son alhakinsu. Kuma abokiyar karawata mace ce, ni kuwa ba na cin zali. Da wannan 'yar tsana zan yi."

Ya zaro ta daga aljihun riga. Ba ta fi tafin hannunsa ba. Ya ɗaga harsashin sama don kowa ya gani.

Marimba ta tsaya. Mutanen da ke kusa suka ja baya. Mai aski ya yi alamar gicciye a ƙirji. Don Fulgencio ya ga haka ya ƙara buɗe kafaɗa, don ya san kwarjini idan ya gan shi.

"Compadre, aminina," in ji Chilo, "ka dai kama ta da hannu biyu."

"Hannu biyu na masu tatsar nono ne."

"To ka sa auduga a kunne."

"Aradu ba ta tsoron tsawa. Mai hoto, ka shirya?"

Ya dafa ƙugu da hagu, ya lanƙwasa gwiwar hannun dama don fuskarsa da bindigar su fito tare a hoto, ya rufe ido ɗaya. Wasu sun ce duka biyun ya rufe. Ya ja kunama.

Ƙarar ta tashi tsuntsaye har daga hasumiyar coci. Wuta ta fito daga bakin 'yar tsanar kamar an hura maƙera. Bindigar ta yi tsalle ta gaida goshin mai ita, ƙwas! Malafa ta yi gabas. Don Fulgencio ya yi zaman daɓaro a ƙasa, ƙafafu a sama, gefe ɗaya na gashin bakinsa yana ƙauri. Kankana kuwa tana zaune kan turkenta lafiya lau, ko ƙuda bai tashi daga kanta ba.

Chilo ya rugo, makirfo a hannu, ya durƙusa.

"Compadre! Kana raye? Tashi, saura biyu!"

Don Fulgencio ya ga bakin Chilo na motsi, amma ba abin da yake ji sai wani dogon fito a cikin kansa. Ya dubi hannunsa, ya ga yana nan, sai dai ba ya jin nasa ne. Ya dubi bindigar a cikin ƙura. Ya dubi kujerar shugaba can ƙarƙashin rumfa, an yafa mata jan ƙyalle. Harbi biyu ne tsakaninsa da ita. Ya jawo wuyan Chilo don ya yi masa raɗa. Sai dai wanda kunnensa ya toshe bai san ƙarfin muryarsa ba, ga kuma makirfo a tsakaninsu.

"CHILO, DON ALLAH KA RUFA MINI ASIRI!" in ji lasifika huɗu na filin. "KA CE HARSASHI YA ƘARE! KO ZA A BA NI SHANUN ZACAPA DUKA BA ZAN SAKE TAƁA WANNAN SHAIƊANIYAR BA! NI KO TA GIDAN BAN TAƁA HARBAWA BA!"

Ya saki wuyan Chilo, ya miƙe, ya kakkaɓe wando. Ya ga jama'a na rangaji, wasu na dukan cinya, wasu na share hawaye. Ya dafa ƙirji ya rusuna musu, don ba kullum ake ganin ƙauna irin wannan ba.

Doña Herminia ta fito da tsohuwar bindigarta mai nauyi, ta toshe kunne, ta kama ta da hannu biyu kamar mai tatsar nono. Harbi ɗaya, kankana ta watse. Aka raka ta kan kujera da marimba.

Kafin nan goshin Aradu ya yi ƙulu kamar ƙwan agwagwa. Doña Tencha ta tsinto wani ɓawon kankana mai sanyi daga cikin tarkacen, ta zaunar da shi, ta manna masa a wurin.

"ME SUKE CEWA, TSOHUWA?"

"Cewa suke ka riƙe da kyau!" ta kwatsa masa a kunne. "Yau dai ga ka ga kankana!"