Randunan Mika’ilu Alo-Alo

“Kunnena fa ba irin naku ba ne,” in ji Mika’ilu Nagoggo, yana juya kofin shayi a inuwar da muke zama a kasuwar unguwar Sahafa ta Kartum. “Ku ƙara kuke ji, ni abin da ke bayan ƙara nake ji. Ranar da na gama aikin nan, Kartum kaf sai ta yi tsit ta saurara, har da karnukan motocin unguwar Kalakla.”

Mu kuwa muka gyaɗa kai. Kada ka yi mana dariya, abokina. Mu ’yan majalisar shayi haka muke, duk maganar da ba mu gane ba gyaɗa mata kai muke yi, muddin an barbaɗa mata Larabcin jami’a.

Sana’ar Mika’ilu ɗaura lasifika a gidan biki. Shekara da shekaru yana hawa tsani yana saukowa, yana busa makirfo yana cewa “alo, alo,” har sunan ya bi shi. Wata rana aka ɗauke shi aiki a taron masu fasaha, ya ga wani mai gilashi ya kunna kukan ƙyauren ƙofa, mutane suka yi ta tafi. Nan take ya tari mai shirya taron, Ustaza Sittana, ya shaida mata cewa shi ma fannan ne, mai fasahar sauti, kuma duk bikin da aka ji lasifikarsa ta yi ƙuwwa ta firgita amarya, da gangan ya yi. Ko yarda ta yi, ko tausayi ta ji, oho. Ta dai gayyace shi zaman wata guda a gidan da take sauke masu fasaha, a wani ƙauye bakin Nilu, arewa da Omdurman. Kowa zai yi aikinsa a fili, a ƙarshe ta zaɓi guda a nuna a Kartum.

Wanda bai gyaɗa kai ba shi ne Baffa Lawal, ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar uban. Warsha gare shi a Bahri, inda ake bugun jikin mota.

“Ka tafi,” in ji Baffa. “In matar nan ta zaɓe ka, na cire bakina daga harkarka. In ba ta zaɓe ka ba, washegari ka zo warsha ka ɗauki guduma, tsani da lasifika kuma an gama.”

“Baffa, hannun fannan ba ya riƙe guduma.”

“Zai koya. Na ga jakin da ya koyi jan amalanke yana da furfura.”

Mika’ilu ya sayi randuna bakwai a Omdurman, irin dogayen nan da ake kira zir, ya ɗora su a akori-kura ya nufi ƙauye. Dabararsa ita ce ya zuba wa kowace randa ruwa daidai wani gwargwado, wannan rabi, waccan kusa da gindi, ya zura makirfo a ciki, ya riƙa bugun cikinsu da muciya naɗe da tsumma, kowace ta ba da muryarta. Har suna ya raɗa wa aikin, Ƙishin Nilu. Ya zaga ƙauyen yana tafa hannu yana karkata kai, wai yana neman inda iska ta fi ladabi, daga ƙarshe ya jera randunan a gindin wata ƙatuwar bishiya a bakin hanya.

To, ni da kai mun sani, kuma shi ma ya sani kafin fasaha ta hau masa kai, cewa a ƙasar nan randa a gindin bishiya a bakin hanya sunanta sabil. Ruwan sadaka ne, na duk wanda ƙishi ya kama.

Ya wuni yana awo, ya ƙara moɗa a nan, ya rage ludayi a can, har randunan suka fara amsa masa. Ya tafi cin abinci. Da ya dawo sai ya tarar da wani mai raƙumi ya kafa kai a randa ta uku, da kofin silba da aka ɗaure da igiya a reshe, wanda ba shi ya ɗaure ba.

“Ya zol! Kai, malam! Me kake yi?”

Mai raƙumi ya goge baki, ya ɗaga hannuwa sama. “Kai ne mai sabil? Allah ya jiƙan mahaifinka, ya shayar da shi a aljanna.”

Tun da tsohon ya rasu ko ƙosai Mika’ilu bai taɓa rabawa da sunansa ba, yau ga addu’a tana zuwa kyauta. Ya ce amin da ƙaramar murya, ya koma awo daga farko.

Washegari abin ya fi haka muni. Ya iske duk randunan cike har baki, an wanke su, an rufe da faifai. Wata dattijuwa mai suna Awadiyya, wadda gidanta ke kallon bishiyar, tana tsaye da bokiti tana haki.

“Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma ba ka iya ba,” ta ce. “Wa ya taɓa barin sabil rabi? Abin kunya ne ga unguwa. Na cika maka.”

“Hajja, wannan ba sabil ba ne. Kayan kiɗa ne.”

“Allah sarki, ga kunya. Ya yi alheri yana ɓoyewa.”

“Wallahi kayan kiɗa ne!”

“To, to. Kiɗa ne. Gobe ma zan cika maka kiɗan.”

Ya buga randa ta farko ta ce dum. Ta biyu ta ce dum. Har ta bakwai, dum. Wuni guda na awo ya zama murya ɗaya, kamar ’yan majalisarmu in an tambaye su wa zai biya shayi.

Sai gogan naka ya yi shawarar ƙaura. Shi kaɗai ya riƙa rungumar randa kamar mai kokawa da ƙato, ya kai su can ƙarshen gonakin albasa, inda ko akuya ba ta bi. Bayansa ya riƙe, jallabiyarsa ta zama kalar laka. Kafin sati ya zagayo ƙafa ta fitar da hanya sambal zuwa wurin. Masu cirar albasa suka riƙa sa masa albarka, wai tunda aka kafa ƙauyen ba a taɓa samun wanda ya tuna da ’yan ƙwadago ba sai wannan baƙo na Kartum. Awadiyya kuwa ta samo jaki don ɗaukar jarkoki.

Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa an hana sha. Da la’asar Awadiyya ta same shi a masauki, kwalin a yage a hannunta, idonta jawur.

“Ya Ustaz, kana da maƙiyi a garin nan. Dubi abin da wani la’ananne ya liƙa a sabilinka don a zage ka. Hana ruwa! In na kama shi sai na karya masa yatsu.”

Mika’ilu ya tura hannunsa na dama cikin aljihu. “Ki bar shi da Allah, Hajja.”

Sauran baƙin gidan kowa aikinsa na tafiya. Wani yana ɗaukar kukan injin ban ruwa, wata tana rataya ƙarafa a reshe iska na kaɗawa. Shi kuwa Sarkin Kunne in ya rufe ido ba ya jin komai sai guduma a kan ƙofar mota.

Ana gobe nuni, dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa mutum in hankali ya tafi hutu. Tunda ba a hana mutane sha da baki, bari ruwan ya hana su da kansa. Ya sayi kanwa, wadda a nan ake ce wa atrun, ya daka ta, ya zuba wa kowace randa da hannu sake. Ya mayar da su gindin bishiyar farko inda baƙi za su zauna, ya yi awonsa, ya ja gefe yana kallo. Wani mai keke ya tsaya, ya kurɓa, ya furzar, ya hau kekensa yana waiwaye. Mika’ilu ya yi wa kansa kirari.

Abin da ya manta shi ne, abin da ɗan Adam ya tofar, dabba da gudu take zuwa gare shi. Da safe ya tarar da awakin ƙauyen sun kewaye randunan suna lasar gumin jikinsu, jakin Awadiyya ya tura kai cikin ta biyar ya ƙi fitowa. Yana cikin jan jaki ta wutsiya motocin baƙi suka iso.

Ustaza Sittana ce a gaba, sai masu gilashi daga Kartum, sai Umda, mai garin, da sandarsa. A baya kuma ga Baffa Lawal ya sauko daga tsohuwar motarsa, mu ’yan majalisa muna biye, mun sha guga, mun zo ganin ɗan unguwarmu zai girgiza duniya.

Mika’ilu ya saki jaki, ya gyara wuyan riga, ya jona makirfo da batirin mota, ya fara jawabi. Ya yi maganar ruhin yumɓu, ya yi maganar numfashin kogi. Bai kai ga Fir’auna ba sai ga Awadiyya ta ratso taro da kofin silba a hannu.

“Ya Umda, an ɓata sabil! An zuba wa ruwan Musulmi wani abu! Na ɗanɗana, harshena har yanzu bai dawo ba.”

Wuri ya yi tsit, irin tsit ɗin da Mika’ilu ya yi wa Kartum alkawari. Umda ya dubi Ustaza Sittana.

“Mun ba ku gida, mun ba ku fili. Kun buga gwangwani da tsakar rana mun yi haƙuri. Amma ruwan sha?”

Ustaza ta juyo. “Ustaz Mika’ilu, in kai ka taɓa ruwan nan, ka kwashe kayanka yanzu, babu nuni.”

Ya dubi Baffa. Baffa yana murmushi, yana murza tafin hannunsa mai kanta.

“Ni?” in ji Mika’ilu. “Ruwan nan garau yake. Harshen Hajja ne ya tsufa.”

“Kwayyis, madalla,” in ji Umda. Ya karɓi kofin, ya kamfato daga randa ta farko, ya miƙa masa. “Bismillah.”

Ya sha. Idonsa ya kawo ruwa, kunnuwan nan da ba irin namu ba suka motsa da kansu. “Zuma,” ya ce.

“Wataƙila ta biyu ce,” in ji Awadiyya.

Ya sha ta biyu. Ya sha ta uku. A ta biyar, wadda jaki ya riga shi, ya ɗan tsaya ya yi salati. Kofin kuwa ba ƙarami ba ne, irin wanda ake yi don masu raƙuma. Da ya kai ta bakwai murmushinsa ya koma irin na kan rago a tire.

Umda ya ɗaga kafaɗa. “To, a yi kiɗan mu ji.”

Mika’ilu ya ɗauki muciya, ya rungumi babbar randar da makirfo ke ciki, tumbinsa manne da bakinta. Ya ɗaga hannu. Kafin muciya ta sauka cikinsa ya riga ta. Wani ruri ya taso daga can ƙasa, randa ta karɓa ta ninka, lasifika biyu suka watsa shi har tsallaken kogi. Ya yi ƙasa, ya yi sama, ya tsaya kamar zai ƙare, sannan ya ƙara da ɗan siririn kuka a ƙarshe. Awaki suka watse.

Ka san su wa suka fara tafi? Mu. Har da miƙewa tsaye. Wani mai gilashi ya dafa ƙirji ya ce bai taɓa jin an kama nishin Nilu haka ba, mu kuma muka ce ai daga Sahafa yake, tare muke shan shayi.

Mika’ilu ya ji tafi, ya manta halin da yake ciki, ya rusuna don godiya. Rusunawar nan ita ta ƙarasa shi. Ya miƙe a hankali, gumi na tsiyaya, gwiwoyinsa a haɗe.

“Kashi na biyu,” ya ce da ƙyar, “a cikin gona ake yin sa. Ba a bin fannan.”

Ya tattare jallabiya ya zura. Ƙafarsa ta sarƙe da wayar makirfo, wayar ta fizgo babbar randa, babbar ta faɗa kan ta kusa da ita, suka bi juna har ta ƙarshe. Ruwa ya malale, kanwar da ba ta narke ba ta baje fari fat a gaban Umda, awaki suka dawo da gudu. Shi kuwa bai ko waiwaya ba, sai ƙurarsa muka gani ta shige cikin dawa.

Awadiyya ta tsuguna ta ɗauki ɗan dunƙulen kanwa, ta nuna wa jama’a. Mu muka zauna a hankali, kowa yana duban takalminsa kamar yau ya saya.

Ustaza Sittana ta cire gilashinta ta goge. “Ma’alesh, ya Hajj, ka yi haƙuri,” ta ce wa Baffa. “Ba na jin akwai abin da zan kai Kartum.”

“Babu komai, ’yata,” in ji Baffa, yana kaɗa makullin mota, da murya yadda za a ji har cikin dawa. “Randa ta takwas ce kaɗai ta yi murya, ita ma ga ta can tana yoyo. Ki bar min ita, gobe da safe zan kai ta warsha a yi mata walda.”